SHAWARA GA IYALI: Ko Maigida Ya Ajiye Bindiga?

 A watan jiya mun yi alkawari za mu yi magana a kan ajiyar hatsi bayan kaka. Ku gafarce mu, mun ɗaga wannan zuwa wata mai zuwa, gama wata wasiƙa ta iso mana wadda amsarta ba ta jira.

Wanda ya rubuto manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa ko sunan garinsu, mun kuwa yarda. Yana da mata da 'ya'ya shida, da shanun noma biyu, da babur. Ya ce tun bara ba ya samun barcin kirki, kare ya yi haushi sai ya tashi zaune. Wani ya yi masa tayin bindiga ƙirar maƙera. Wani kuma ya ce ya san inda ake koya wa mutum harbi cikin kwana uku a ƙetaren iyaka. Uwargidansa ta ce ranar da bindiga ta shiga gidan, ita da ƙananan yara za su koma gidan iyayenta. Tambayoyinsa uku ne. Doka ta yarda? Ina zai koya? In ya koya, za ta cece su?

Mun san ba shi kaɗai yake wannan tunani ba. Domin haka muka ga ya fi kyau mu amsa masa a gaban kowa.

Abin da ya kawo tambayar

Kada kowa ya ce tsoron ɗan'uwan nan na banza ne. Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, bayanta kuma Jamhuriyar Benin ce. Mutanen Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje sun saba da cin kasuwa a ƙetare tun kaka da kakanni, dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Amma hanyar da take kawo shinkafa da albasa, ita ce kuma hanyar da mugu yake bi. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka bazu cikin ƙasashen Sahel, kuɗinsu kuma ya sauka.

A arewacin Benin, cikin gandun dajin da ake kira W, 'yan ta'adda sun kashe sojoji 28 a Janairu 2025, suka kuma kashe 54 a Afrilu 2025. A gefenmu, ƙungiyar da ake kira Lakurawa ta shigo Kebbi daga wajen Sakkwato, har Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sa ta cikin ƙungiyoyin ta'adda a Janairu 2025. Ran 31 ga Oktoba 2025 aka sace Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kebbi a cikin garin Bagudo kansa, ya yi kamar mako ɗaya a hannun mutanen kafin ya dawo. A Nuwamba aka kai hari kan shingen jami'an shige da fice a Bakin Ruwa, aka kashe uku. Cikin wannan wata ne kuma aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar kwana ta Maga a ƙasar Zuru. In babban mutum bai tsira a tsakiyar gari ba, ina talaka mai kwana a bakin daji?

Waɗansu manya ma sun ce wa mutane su kare kansu. Janar T. Y. Danjuma ya faɗi haka a Jalingo a Maris 2018. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya faɗa a 2021. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasin riƙe bindiga, har ta yi alkawarin rarraba takardun cikewa ga masarautun jihar. Nan da nan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ka ga an bar talaka a tsakiya, wannan ya ce ɗauka, wancan ya ce ajiye. Ranar da aka kama shi kuwa, babu ɗayansu da zai tsaya masa a kotu.

Tambaya ta fari: me doka ta ce?

Dokar Bindigogi ta Nijeriya an yi ta tun 1959, tana kuma aiki a ƙasa duka. Ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na fari shi ne waɗanda aka haramta, watau bindigogin soja irin su AK-47, da masu jigida, da ƙananan bindigogin aljihu kowane iri. Shugaban Ƙasa kaɗai yake da ikon ba da izinin riƙe su. Wanda aka kama da irin wannan ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu shi ne bindigogin farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu. Lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi, ko wanda kotu ta same shi da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A Agusta 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka wanda ya ce maka zai samo maka takarda ta bayan gida in ka ba shi kuɗi, ka yi hankali da shi. Ka tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka ji halin da ake ciki.

Kashi na uku shi ne bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, irin ta maharba. Wannan tana ƙarƙashin umarnin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mutane da yawa suna tsammani kowa yana iya riƙe ta yadda ya ga dama. Kafin ka gaskata haka, ka tambayi babban ɗan sanda na yankinku, tare da hakimi ko dagaci.

Har wa yau ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne, shigo da ita ta kan iyaka laifi ne. Bindigar da aka yi wa ɗan'uwanmu tayi, in mai cin harsashi ce ba ta toka ba, kasancewarta ƙirar maƙera ba ya fid da ita daga hannun doka. Ka tuna kuma hanyoyin kan iyaka cike suke da shingayen soja da kwastan da 'yan sanda. Manomin da aka kama da bindiga a kan hanyar Tsamiya a irin wannan zamani, kafin ya gama bayani an riga an ba shi wani suna.

Game da kare kai, Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 33 ya yarda mutum ya kare ransa, da ran waninsa, da dukiyarsa, amma da ƙarfi gwargwadon bukata kaɗai. Dokar laifuffuka ta Arewa ita ma haka ta ce. Da zarar haɗari ya wuce, izinin ya ƙare. Wanda ya juya baya yana gudu, ba ka da ikon harbinsa. Ɓarawon akuya ba hukuncin kisa ne a kansa ba.

Da yawa cikinku sun ji labarin manomin nan na Jihar Adamawa wanda wani ya auka masa da wuƙa a gonarsa. Ya ji rauni, ya ƙwace wuƙar, ya soki mutumin ya mutu. Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda ba. Hujjar kotu ita ce, da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa a Disamba 2025, bayan ya yi fiye da shekara 10 a tsare. Ko mun yarda da hukuncin ko ba mu yarda ba, darasin a fili yake. Aikin minti ɗaya yana iya raba uba da 'ya'yansa har su girma ba su san shi ba.

Tambaya ta uku kafin ta biyu: za ta cece ku?

Bari mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Akwai garuruwan da maharba da 'yan banga suka kori ɓarayi, muna kuwa girmama waɗanda suka ba da ransu a kan haka. Ɓarawo ɗaya ko biyu masu tsallake katanga, ƙarar bindiga takan kore su. Amma masu zuwa yanzu ba haka suke zuwa ba. Sukan zo a kan babura da yawa, biyu biyu ko uku uku, kowa da AK-47. Wannan bindiga tana cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya, tana kuma samun mutum daga nisan mita 300. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sa'an nan mai ita ya tsaya ɗuri. Ba a banza mutane suke ce mata harba ka ruga ba.

Ga abin da ya faru kusa da mu. A Maris 2022 'yan sa-kai na ƙasar Zuru suka fita neman 'yan bindiga a yankin Sakaba, aka yi musu kwanto, aka kashe fiye da 60 a dare ɗaya. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kora shanun mutanen Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, mazan garin suka bi sawu, 15 ba su dawo da rai ba. A Nijar, ran 2 ga Nuwamba 2021, magajin garin Banibangou ya fita da 'yan sa-kai, aka kashe mutum 69 har da shi. Waɗannan duka jarumai ne, ba wanda zai ce musu matsorata. Ku lura da abu ɗaya, dukansu sun mutu ne sa'ad da suka bar gari suka bi maharan cikin daji. Sa yana da magaji a kasuwa, uban yara ba shi da.

Akwai kuma haɗarin a ɗauke ka a kan wanda ba kai ba ne. A Janairu 2025 jirgin yaƙi ya jefa bom a kan 'yan banga da mutanen gari a Tungar Kara ta Jihar Zamfara, aka rasa mutum 16 ko fiye, gama daga sama mai bindiga a kan babur duk kamarsu ɗaya. A Maris 2025 aka tare maharba 16 a Uromi ta Jihar Edo suna komawa gida Kano, aka ga bindigogin toka a motarsu, taron jama'a ya kashe su.

Haɗarin da yake cikin ɗaki

Yanzu mu zo ga maganar uwargida. Ba ta yi karatun doka ba, amma ta san gidanta. Ɓarawo yana iya zuwa sau ɗaya cikin shekara, ko ma bai zo ba. Bindiga kuwa tana cikin ɗaki kwana 365, tare da yaro mai shekara bakwai wanda ba abin da yake ɓoye masa, da saurayi mai zafin kai, da ranar da miji da mata suka yi faɗa, da ranar da maigida ya dawo da ɓacin zuciya a kan iyakar gona.

Amurka ce ƙasar da ta fi kowa bindigogi a hannun farar hula. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga a can, fiye da rabinsu kuwa su ne suka harbe kansu. Wani bincike da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993 ya nuna cewa gidan da akwai bindiga, haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka uku, mai kisan kuma yawanci ɗan gida ne ko sananne. A Suwizalan, inda samari suke aikin soja suna ajiye bindigar gwamnati a gida, tun 2007 aka daina ba su harsashi su tafi da shi gida. Ƙasarmu dabam ce da waɗannan, amma fushi da baƙin ciki da ƙuruciya iri ɗaya ne a ko'ina.

Ƙara da wannan, albarushi ba ya shiri da murhu da fitilar kananzir. Bindigar maƙera takan fashe a hannun mai ita. In kuma labari ya fita cewa akwai bindiga a gidan wane, gidan ne za a fara nema, gama mahara suna son makami kamar yadda suke son saniya.

Tambaya ta biyu: ina za a koya?

Ɗan'uwa, kada ka ƙetare iyaka, kada ka shiga daji wurin wanda ya ce zai koya maka harbi. Ba ka san wanda ya aiko shi ba, ba ka kuma san abin da zai nema a hannunka gobe ba. Mu tuna yadda Lakurawa suka samu gindin zama. Wajen 2017 waɗansu mutanen Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato suka karɓe su domin su kore musu ɓarayin shanu. Suka kore su kuwa. Daga baya suka fara karɓar shanu da sunan haraji, suna yi wa samari bulala, suna kashe wanda ya ƙi. Ana gudun gara, aka faɗa gidan zago.

Horon da muke iya amincewa da shi shi ne wanda hukuma ta sani, ake yinsa da rana, da rajistar sunaye, ƙarƙashin 'yan sanda ko soja. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023 da mutum fiye da 1,400, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairu 2024 da fiye da 2,600, Sakkwato ma ta bi a 2024. Wanda yake da ƙarfi da natsuwa, yana kuma son ya yi wa garinsu aiki, sai ya bi ta hannun hakimi da 'yan sanda ya shiga 'yan banga masu rajista. Ko a nan ma kada a ruɗe mu da gajeren horo. Burkina Faso ta yi doka a Janairu 2020 ta ba 'yan sa-kai horon kwana 14 da bindiga. An kashe su da yawa, an kuma zarge su da kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Jan kunama yaro ma yana iyawa. Sanin lokacin da ba za a ja ba, shi ne yake ɗaukar shekaru.

Muna da maharba da 'yan banga da tsofaffin sojoji cikin masu karatunmu waɗanda suke riƙe da bindiga bisa doka. Gare su muke tuna ƙa'idodi huɗu da ake koyarwa a makarantun harbi na duniya, waɗanda wani tsohon hafsan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa daga makarantar da ya kafa a Arizona a 1976. Ga ma'anarsu da bakinmu:

1. Ka ɗauka kowace bindiga a ɗure take, ko da kai ka sauke ta da hannunka.
2. Kada bakinta ya dubi mutum ko dabba ko wani abin da ba ka nufin hallakawa, ko da wasa.
3. Yatsa ya yi nesa da kunama sai lokacin da ka ƙudura harbi.
4. Ka tabbata abin da kake nufi, da abin da yake bayansa. Zana da bangon kara ba sa tare harsashi.

Ta huɗun nan ita ce ake karyawa da dare. Inuwar da take motsi a bakin zaure tana iya zama ɗanka da ya dawo daga hira, ko maƙwabci da ya zo neman taimako domin matarsa tana naƙuda. Kada a yi harbi cikin duhu a kan motsi ko ƙara.

Game da ajiya, a sauke bindiga kafin ta shiga gida. A kulle ta cikin akwati, harsashi da albarushi a wani akwati dabam, mabuɗi a jikin maigida. Kada a rataye ta a bango ko a tura ta ƙarƙashin gado. Kada a ba da aronta. Wanda ya sha giya, ko yana cikin fushi, kada ya taɓa ta. In wani a gidan yana fama da baƙin ciki mai tsanani har yana maganar mutuwa, a fitar da bindigar daga gidan a ranar. A koya wa yara cewa in sun ga bindiga ko harsashi a ko'ina, kada su taɓa, su tafi su kira babba.

Abin da kowane gida zai iya yi tun yau

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shiri wanda ba ya bukatar lasin, ba ya kuma kai kowa kurkuku:

1. Ku zauna da iyali da rana tsaka ku shirya hanyar fita. Kowa ya san ta inda zai bi, da inda za a haɗu bayan an watse. A raba ƙanana ga manya, wane zai ɗauki wane. A gwada sau ɗaya ko biyu kamar wasa, domin ƙafa ta saba.
2. Unguwa ta yarda da alama ɗaya, ko usur ko bugun ƙarfe, wadda ba a yinta sai domin haɗari.
3. Waya ta kwana da caji da kuɗi. A rubuta lambar ofishin 'yan sanda, da ta sojojin da suke kusa, da ta dagaci, a takarda a manna a bango. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ku san wurin da waya take kamawa a garinku.
4. A gyara ƙofa da sakata, a sare ciyawar da ta rufe bayan gida, a ajiye kare, a sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin zaure.
5. Kuɗin shinkafa ko na sa kada ya kwana a gida, kada kuma a yi zancensa a kasuwa ko a tasha. Waɗansu hare-hare da ɗan gari ake yinsu.
6. Takardun gona da na makaranta da katin asibiti su zauna cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa.
7. A tafi gona mai nisa cikin ƙungiya, a dawo kafin la'asar sakaliya.
8. Aƙalla mutum biyu a kowace unguwa, mace da namiji, su koyi tsai da jini. Ƙungiyar Red Cross da ma'aikatan asibiti suna koyar da wannan. A danna rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga. In jini na hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa har ya tsaya, a lura da lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Mutum yana iya mutuwa cikin minti kaɗan saboda zubar jini. Ku sani kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya ɗaukar na takwas ɗin nan su mai da shi aikinsu na bana.

Maƙwabci

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙasar Bagudo, Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa suna shan ruwan kogi ɗaya, Kirista kuma kaɗan ne a cikinsu. Masu hari ba su bar Musulmi ba, yawancin waɗanda muka lissafta a sama ma Musulmi ne. Saboda haka muna gargaɗi da babbar murya, kada wata ikilisiya ta tara makamai ko ta kafa rundunar kanta. Ranar da aka ji haka, ƙarya za ta samu ƙafa, waɗanda suke kāre mu a yau kuma za su fara tsoronmu. Tsaron gari a yi shi tare, da dagaci da liman da fasto da arɗo a tabarma ɗaya.

Kada kuma a ɗora laifin ɓarayi a kan kabila. A Oktoba 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a Jihar Sakkwato suka kashe Fulani, har da limami. Cikin wannan wata 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. Ramuwa ba ta taɓa rufe kabari ba, sabo take haƙawa. Bafulatanin da yake kiwo a bakin daji shi ne yakan fara ganin baƙin babura. In abokinka ne zai gaya maka. In ka mai da shi abokin gaba, ka toshe kunnenka da hannunka.

Mun san waɗansu za su tambaya ko ya halatta mai bi ya ɗauki makami sam. Masu bi na kirki sun daɗe suna da ra'ayi biyu a kan wannan. Waɗansu sukan tuna da Nehemiya, wanda ya yi addu'a ya kuma sa matsara a kan garu. Waɗansu sukan tuna da daren da aka hana Bitrus yin aiki da takobinsa. Ba za mu yanke wannan a shafi ɗaya ba. Amma dukansu sun yarda a kan abu biyu, cewa kāre iyali nawaya ce a wuyan maigida, ramuwa kuwa ba tamu ba ce.

Amsarmu

Ɗan'uwa, ga shawararmu a taƙaice. Kada ka sayi bindigar nan. Kada ka je wurin mai horon kwana uku, ka kuma gaya wa dagaci cewa akwai mai yawo da irin wannan tayi. Kuɗin da ka tanada, ka sa ƙofa mai ƙarfi da fitila, ka sayi waya ta biyu domin uwargida. In zuciyarka tana kan tsaron gari, ka bi ta hannun hukuma da rana tsaka. In ranar tsanani ta zo, Allah ya sawwaƙe, ka bar shanu ka ɗauki yara. In da rai da rabo.

Ki kuma, uwargida, kin yi gaskiya a kan bindigar, amma kada ki bar shi da tsoronsa shi kaɗai. Mutumin da ya yi shekara ba ya barci yana bukatar wanda zai yi shawara da shi. Ku zauna tare ku shirya hanyar fita da muka ambata, ku yi addu'a tare da yara kafin a kwanta.

Ga hukuma kuma muna da magana. Talaka ba ya sha'awar bindiga, garma yake so. Ranar da aka buga waya jami'an tsaro suka iso kafin gari ya waye, ranar ce irin wannan wasiƙa za ta daina zuwa mana. Muna roƙon masu karatu su riƙa tuna wa wakilansu wannan, da ladabi, ba fasawa.

Wanda garinsu ya gwada wata dabarar tsaro ta salama wadda ta yi amfani, ya rubuto mana domin waɗansu su ƙaru. Ba za mu buga sunan gari ba. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar rumbu da ƙwari. Ku zauna lafiya.